Kafin ka sayi keke: Abin da ya kamata ka sani game da ƙirarsa da saitinsa

Tun daga watan Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Najeriya, keke ya sake samun daraja. Wanda ya jingine nasa a zaure shekara da shekaru ya fito da shi ya kakkaɓe masa ƙura, wanda ba shi da shi kuma ya nufi kasuwa neman sabo ko na hannu. Amma in ka tsaya a rumfar mai sayar da kekuna ka kasa kunne, za ka ji tambayoyin masu saye ba sa wuce uku: nawa ne, giya nawa gare shi, yana da shok? Da wuya ka ga wanda ya auna tsawon keken, ko ya tsuguna ya dubi yadda wuyansa ya kwanta.

Alhali kuwa a nan maganar take. Taya in ba ta yi maka ba sai ka canza. Sirdi, feda, sarƙa, birki, duk ana cirewa a sa wasu. Gangar jikin keken kuwa, wato firam, yadda aka haɗa shi a masana'anta haka za ka zauna da shi har ya tsufa. Tsawon ƙarafansa da irin karkatar da aka yi musu su ne za su nuna ko keken zai ɗauki buhu ya tafi sumul ko zai riƙa rawa da kai, ko za ka sauka garau bayan kilomita goma ko ka sauka kana dafe da ƙugu.

Ƙirar da muka sani a yau tsohuwa ce. A 1885 wani Bature mai suna John Kemp Starley ya fito da keken Rover a garin Coventry na Ingila, mai taya biyu kusan girma ɗaya, sarƙa na juya ta baya. Kafin nan kekunan da ake yayi masu ƙatuwar tayar gaba ne, mahayi na can sama, in ya faɗo sai dai a kwashe shi. A 1888 John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya kawo tayar da ake hura wa iska. Ba a kai 1900 ba masu ƙera keke suka tsaya a kan siffa guda: alwatika biyu a haɗe, ta gaba da ta baya, domin ƙarfen da aka haɗa alwatika ba ya saurin lanƙwashewa. Daga nan har yau, abin da ya raba keken tsere da keken mai tallar burodi bai wuce 'yan digiri da 'yan santimita ba. Sai dai waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne komai.

Mu ɗauki baƙin keken nan da kowa ya sani, mai birkin ƙarfe da taya lamba 28. Kamfanin Raleigh na Nottingham ne ya fi yaɗa shi a ƙasar Hausa, har ya taɓa yin masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix ta Shanghai da Hero ta Ludhiana a Indiya suka cika kasuwa da irinsa, kusan ba tare da sauya masa komai ba. Da shi za mu riƙa gwada sauran.

Tsawo da ɗaukar kaya

Tef ɗin tela ya isa a auna tsawon keke. Auna daga cibiyar tayar gaba zuwa cibiyar ta baya. A baƙin keke za ka samu ya haura santimita 110. A keken tsere kuwa wajen 100 ne, wani lokaci bai ma kai ba. Dogon keke miƙewa yake so. Ba ya firgita da ɗan rami, kuma da yake mahayi na zaune nesa da cibiyar tayar baya, gargadar hanya ba ta dukan bayansa kai tsaye. Gajere kuma ya fi saurin juyawa da kutsawa tsakanin motoci, amma sai ka riƙa lura da shi kowane lokaci, musamman a kan hanyar da ba kwalta.

Awo na biyu ya fi wannan muhimmanci ga mai kaya: daga cibiyar feda zuwa cibiyar tayar baya. A keken tsere wajen santimita 41 ne, tayar har ta kusa shafar bututun sirdi. A baƙin keke yakan kai 47 ko fiye. Wannan ƙarin shi ne filin da kaya ke zama. In ya yi gajere, duk abin da ka rataya a gefe diddigenka zai riƙa shurinsa, dole ka tura shi baya. Da zarar nauyi ya wuce bayan cibiyar taya kuwa, sai ya fara ɗaga gaban keken. Za ka ji kan ya yi shafal a hannunka, yana kaɗawa hagu da dama, in ka zo hawa tudu tayar gaba ta nemi barin ƙasa.

Dubi yadda gwanin ɗibar ruwa ke ɗaure jarkokinsa. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, huɗu sun zama kilo 100. Ba ya jera su duka a saman kariya, wato wurin ɗora kaya na baya. Biyu yake ratayawa a gefe, ɗaya hagu ɗaya dama, su sauko ƙasa kusa da cibiyar taya. Sauran ya matso da su har su jingina da bayan sirdi, sannan ya ja robar tsohon tub ya ɗaure tamau yadda ruwan ba zai yi ta jijjiga su ba. Bai karanta wannan a littafi ba, faɗuwa ce ta koya masa: kaya su yi ƙasa, su daidaita gefe da gefe, su matso gaba.

Ita kanta kariyar a dube ta. Mai ƙafafu da suka sauko suka kama cibiyar taya ko firam ita ce ta kaya. Wadda aka maƙala a ƙarfen sirdi kawai, ba ƙafa, ba ta wuce jakar makaranta ba. Yawancin kariyoyin da ke zuwa da kekunan Turai kilo 25 aka rubuta a jikinsu. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta ga irin aikin da keke ke yi a ƙauyukan Zambiya da Kenya, sai ta ƙera nata mai suna Buffalo, da kariyar da aka yi don kilo 100. Keken kansa ya haura kilo 20. Hukumar tseren keke ta duniya kuwa dokar da ta sa ita ce kada keken gasa ya gaza kilo 6.8. Kowane da aikin da aka yi shi domin shi.

Wuya, fok da ratar da ke ƙasa

Nan ne wurin da ya fi wuyar fahimta, kuma nan halin keke yake. Tsuguna a gefe ka dubi wuyan keken, wato ɗan gajeren bututun da kan keke ya shiga ta samansa, fok ya fito ta ƙasansa ya riƙe tayar gaba. Ba a tsaye ƙyam yake ba, ya ɗan kwanta baya. In aka auna daga ƙasa, a keken tsere wajen digiri 73 ne, a baƙin keke 66 zuwa 68. Wuyan da ya miƙe sosai yana sa keke saurin amsa hannu, ɗan motsi kaɗan ya juya. Wanda ya kwanta yana sa shi natsuwa.

Amma karkatar wuya ita kaɗai ba ta gama labarin ba. Samo miƙaƙƙen kara, ka jera shi da wuyan keken bisa karkatarsa, ka zura har ya taɓa ƙasa, ka yi alama a wurin. Sai ka sake yin alama a daidai inda taya ta taɓa ƙasa, ƙarƙashin cibiyarta. Za ka ga alamar karan tana gaba da ta tayar da kamar faɗin yatsa uku. Ma'ana, wurin da taya ke taka ƙasa yana bayan layin da take juyawa a kai. Ba tura ta ake yi ba, janta ake yi, tana biye. Ka lura da ƙananan tayoyin kujerar ofis ko na gadon asibiti: duk inda ka tura, sai su juyo da kansu su bi bayan ƙarfen da ya riƙe su. To haka tayar gaban keke take. Wannan rata tana cikin manyan dalilan da ke sa keke ya miƙe da kansa, har yara su saki hannu suna tafiya suna tafi.

A yawancin kekunan titi ratar santimita 5 zuwa 6 ce. In ta yi yawa, keken zai yi kyau a gudu, amma a tafiyar sannu za ka ji kan ya yi nauyi, kuma in ka ɗan karkata sai ya nemi faɗawa gefe ɗaya, balle an ɗora kaya a gaba. In ta yi kaɗan, kan zai yi sauƙi ƙwarai, har ya ba wanda bai saba ba tsoro. Masu raba jaridu a birnin Faris a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da yake tulin jaridu suke ɗorawa a kan tayar gaba, kekunansu da gangan aka rage musu ratar zuwa santimita 3 ko 4, domin nauyin kayan kansa ya ishi kan keken natsuwa. Mai tallar burodi ko kifi da ke ɗaure kwali a gaba yana da darasi a nan. Kuma in da hali, kwandon da aka ɗaure a jikin firam ya fi wanda aka rataya a kan keke, saboda na biyun duk inda ka juya sai ka juya da nauyinsa.

Ga abin da mutane da yawa ke ɗauka a baibai. Lanƙwasar nan da fok ya yi zuwa gaba ba ƙara ratar take yi ba, rage ta take yi, domin tana matso da taya kusa da alamar karan. Baƙin keke, da irin kwanciyar wuyansa, da a ce cibiyar tayar na kan layin wuyan daidai, ratar za ta kai wajen santimita 15, ba mai iya tuƙa shi cikin daɗi. Shi ya sa aka yi masa wannan doguwar lanƙwasa, ta dawo da ratar daidai. Ta kuma yi aiki na biyu: doguwar lanƙwasar ƙarfe tana ɗan lotsawa ta shanye gargada.

Wannan ya nuna cewa fok da firam tare aka auna su. In fok ɗinka ya karye, kada ka yarda mai gyara ya zaro duk wanda ya samu a tarkacensa ya cusa don kawai ya shiga. A samo mai tsawo da lanƙwasa irin na asali. Haka nan keken da ya taɓa yin karo ta gaba, fok ɗinsa yakan koma baya, ratar ta ƙaru, tuƙi ya ɓaci, taya ta matso har ta riƙa taɓa yatsun ƙafa in za a sha kwana. Akwai ma abin dariya da ba dariya ba: sababbin kekuna a kwali suke zuwa da fok a juye don su shiga, sai wani mai haɗawa ya ɗaure kai a haka. Za ka ga yaro na fama da sabon keke, iyaye na cewa bai iya ba, alhali fok ne ke kallon baya.

Zama

Bututun da ƙarfen sirdi ke shiga shi ma a karkace yake, kuma karkatarsa kusan daidai take da ta wuya: wajen 67 a baƙin keke, 73 ko 74 a na tsere. A na tsere mahayi yana kusan saman feda, ya sunkuya, wani kaso na nauyinsa a kan hannuwa. Hakan na ba da ƙarfi da gudu, yana kuma rage dukan iska. A baƙin keke mahayi na bayan feda, zaune a miƙe, hannuwa ba sa ɗauke da komai sai riƙo. Yana ganin titi sosai, direbobi ma suna ganinsa, yana iya waiwaye ba wahala. Ga mai zuwa kasuwa ko makaranta cikin cunkoson Keke Napep da babura, wannan ya fi gudun da zai samu da sunkuyo.

Zaman miƙe yana da nasa cikas. In kana fuskantar iskar hunturu, ƙirjinka ne zai tare ta gaba ɗaya. Hawa tudu ya fi wuya. Kuma da yake yawancin nauyi a baya yake, wayoyin tayar baya ne ke fara tsinkewa, don haka su ake yawan dubawa. Sirdi ma da zama yake tafiya: mai zama a miƙe sirdi mai faɗi da sifirin yake buƙata, mai sunkuyo kuma siriri. In ka ɗora faffaɗan sirdi a keken tsere, cinyoyinka za su gaya maka kafin sati ya zagayo.

Sai maganar sandar sama. Tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a samu ratar aƙalla yatsa biyu tsakaninka da sandar. Baƙin keke yawanci inci 22 ko 24 yake zuwa, wanda ya yi wa gajeren mutum girma, balle yaro. Duk wanda ya yi zamanin hayar keke ya san yadda yara ke cusa ƙafa ta ƙarƙashin sandar su tuƙa a karkace. Wasa ne mai daɗi, amma ba hanyar zuwa makaranta kullum ba ce.

Keken da ba shi da sandar sama, wanda ake ce wa na mata, an raina shi ba gaira ba dalili. A Holan da Japan maza da mata duk suna hawansa zuwa aiki da cefane, kuma daga irin waɗannan ƙasashe ne na hannu da yawa ke shigo mana. Mai babbar riga, mai zane, dattijon da ƙafa ba ta ɗaguwa, da wanda ya tara kaya a baya har ba damar wurga ƙafa, duk shi ya fi musu. Rauninsa ɗaya: da aka cire sandar, alwatikar gaba ta buɗe, saboda haka in kaya suka yi nauyi sosai firam ɗin yakan ɗan murɗa. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu kekunan kaya ke zuwa da sanda biyu a sama. Ga mai dogayen tufafi kuma, murfin sarƙa ba ado ba ne. Bakin wando ko gefen hijabi in ya shiga sarƙa ko wayoyin taya, faɗuwa ce ba sallama.

Abin da ke hannunka ka gyara

Kuskuren da ya fi yawa a titunanmu shi ne sirdi ya yi ƙasa. Tsaya bakin hanya ka kalli masu wucewa: gwiwa na tasowa sama, ƙafa ba ta taɓa miƙewa, mutum na ta nishi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Dalilin shi ne kowa na so yana zaune ƙafafunsa biyu su dire ƙasa. To keke ba haka aka yi shi ba. Jingina da bango, ka hau, ka sa diddige a kan feda, ka juya ta ta koma can ƙasa. A wannan matsayi ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, inda ya kamata a taka da shi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Daidai ke nan. Mai son lissafi kuma akwai wanda Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France sau uku, ya yaɗa: ka auna tsawon ƙafarka ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne nisan cibiyar feda zuwa saman sirdi. Mai santimita 80 zai samu wajen 70 da rabi. Mai yawan tsayawa a cikin gari ko mai kaya zai iya ragewa da santimita ɗaya ko biyu. In gaban gwiwa ke ciwo, galibi sirdin ya yi ƙasa. In bayanta ne, ko kana jin ƙugu na rausaya, ya yi sama.

Kada garin ɗagawa ka wuce zanen da aka yi a jikin ƙarfen sirdin. In abin da ya rage a cikin firam ya yi kaɗan, zai iya tsaga bakin bututun. In sai ka wuce zanen kafin keken ya yi maka, to keken ne ya yi maka ƙarami. Sirdin kuma ya kwanta daidai, kada hancinsa ya kalli sama. Duk wanda ke jin gabansa na yin sanyi ko mutuwa bayan tafiya, ya sauka ya gyara, ba abin jurewa ba ne. Kan keke, ga mai hawan yau da kullum, ya yi daidai da sirdi ko ya ɗara shi tsawo, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe, wuyan hannu ya miƙe. A keke mai birkin ƙarfe, in an ɗaga kai dole a sake saita sandunan birkin.

Babban aibin baƙin keke a wurina shi ne nauyin takawa, kuma maganinsa ba tsada. Ƙirga haƙoran farantin sarƙa na gaba da na ƙaramin da ke baya. In gaba 44 ne baya 18, kowane zagayen feda zai kai ka wajen mita biyar da rabi. Ga mutum shi kaɗai a kwalta ba laifi. Ga mai buhu a baya cikin yashi, azaba ce. Sa a canza na bayan zuwa mai haƙora 22, a ƙara wa sarƙa 'yan gaɓoɓi, zagaye ɗaya ya koma wajen mita huɗu da rabi. Gudu zai ɗan ragu, amma gwiwa za ta huta, kuma tudun da kake sauka ka tura za ka haye shi a zaune. Ƙafa ta fi son juyawa da sauri da sauƙi a kan danna abu mai nauyi a hankali.

Yawan giya kuwa kada ya ruɗe ka. Keke mai giya 21 da yawa daga cikinsu maimaici ne, kuma ɗan ƙarfen da ke sauya su yana lilo a waje, ƙura na cinsa, faɗuwa ɗaya ta ɓangaren dama ta isa ta lanƙwasa shi. Akwai giya uku da ke ɓoye cikin cibiyar tayar baya, irin wadda Sturmey-Archer ta fara yi tun 1902. Ƙura ba ta kai mata da sauƙi, kuma kana tsaye ma za ka iya sauyawa. Sai dai ka tambayi mai gyaran unguwarku ko ya san cikinta kafin ka saya. Af, tun da an zo maganar mai gyara: fedar hagu a baibai ake kwance ta, zarenta ya saɓa wa na dama. An lalata ƙarafan feda ba adadi saboda rashin sanin wannan.

Lambar taya ma tarko ce. Akwai taya biyu da duk ake ce wa 28 amma ba sa shiga rim ɗaya, haka ma 26. Dubi gefen tayar, za ka ga wasu lambobi kamar 40-635. Na farko faɗin taya ne, na biyu girman rim, duka a milimita. Baƙin keke 635 ne, yawancin kekunan Turai 622. A ɓangaren 26 kuma akwai 559 da 590. Da wannan lambar za ka je kasuwa, kuma gara ka zaɓi keken da ake samun tayarsa a garinku. Don hanyar ƙasa da yashi, faɗin milimita 38 zuwa 50 ya fi. Taya mai manyan ƙuraje ta laka ce, a kwalta ƙara kawai take yi tana cin ƙarfinka. In kana yawan zuwa wurin mai faci, duba hujin: in ɗaya ne ƙarami, ƙaya ce, tsidau ko makamancinsa, a lalubo ta a cikin tayar kafin a mayar da tub. In biyu ne a jere, iska ce ta yi kaɗan har rim ya datse tub ɗin a bakin rami.

Birki kuma ba wasa. Birkin ƙarfe yana daɗewa, amma sai rim ya miƙe sosai yake kamawa, kuma rim ɗin ƙarfe in ya jiƙe da ruwan sama sai taya ta yi zagaye da dama kafin robar ta kama. Da damina a fara matsawa tun daga nesa. Birkin gaba shi ne ya fi tsayar da keke, amma shi aka fi bari a lalace. Mai birkin feda, wanda ake takawa baya, ya tabbata yana da na hannu a gaba, domin in sarƙa ta zame shi ke nan ba birki. Sarƙar a goge ta kafin a ɗiga mata mai, kaɗan kuma, don mai da ƙurar hunturu in suka haɗu cin ƙarfe suke yi. Mai tafiyar dare ya sa fitila gaba da baya.

Keken shok mai araha, mai sifirin a tsakiya da launi mai ɗaukar ido, kyan ɗan maciji ne. Yana da nauyi, duk takawar da ka yi wani kaso na ƙarfinka a lotsawar sifirin yake tafiya, mahaɗansa suna saurin sakin jiki, kuma ba inda za a ɗaura kariyar kirki ko madigadi. Na gaskiyar, waɗanda ake hawa duwatsu da su, sun fi sabon babur tsada. In ni za a tambaya, mai kaya masu nauyi da hanyar ƙauye ya tsaya a kan baƙin keke, a sauƙaƙa masa giya. Mai zirga-zirgar gari kuma ya nemi ɗaya daga biyu: na kwando marar sandar sama, ko tsohon keken hawan dutse na ƙarfe wanda ba shi da shok ko ɗaya, mai taya 559. Irin wannan yana da ƙwari, yana da 'yan ramukan ɗaura kariya kusa da cibiyar taya, kuma in aka sa masa kai mai lanƙwasowa baya da taya marar ƙuraje, ba abin da zai gagare shi.

In na hannu za ka saya, fara da shafa ƙarƙashin bututun firam guda biyu a daidai inda suka haɗu da wuya. In ka ji kumburi ko ka ga fenti ya tattare, keken ya taɓa karo, kuma sabon fenti a wurin kaɗai abin tambaya ne. Ɗaura zare a ƙarshen firam ta baya, ka zagayo da shi ta gaban wuya ka dawo ɗaya gefen, sannan ka auna nisan zaren da bututun sirdi hagu da dama. In ba su zo ɗaya ba, firam ya karkace. Matse birkin gaba ka jijjiga keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin ya saki. Ɗaga kowace taya ka juya ka ga ko tana rawa. Kwance notin sirdi ka tabbata ƙarfen yana motsi, domin wanda tsatsa ta kama sau da yawa ba ya fita sai an yanka. Daga nan ka hau, ka yi tafiya a wuri marar motoci, ka sassauta riƙo ka ga ko yana ja gefe ɗaya. In kaya za ka riƙa ɗauka, a ɗora maka wani abu mai nauyi a baya ka sake zagayawa. In mai shi ya ce ba a hawa sai an biya, bar masa kekensa ka duba rumfar gaba.